Ɗinkin da Allura Ba Ta Bi

Jama'a, ran nan na ga aikin hannuna a bango, wai kuma ba ni na yi ba!

Ƙanwata Hadiza ce ta janye ni daga shagona na ɗinki a Briqueterie, wai mu je unguwar Tsinga kallon zane. Na je a gajiye. Muna shiga sai ga babban allo irin na talabijin, hotunan wuyan riguna suna ta sauyawa a kai. Na tsaya cak. Ganyen nan mai lanƙwasa da nake sa wa kowace riga, ga shi nan!

Na ce wa matar da ta shirya abin, "Madam, wa ya ɗinka wannan?"

Ta ce, "Ba kowa. Hotunan da telolin unguwar Briqueterie ke sawa a intanet na ba kwamfuta, ta koya, take fitar da nata."

Hadiza ta ce, "Yaya, ka yi suna!"

Wane suna? Ko sunana babu a wurin!

Sai ga Alhaji Buba, wanda nake wa ɗinki. Ya nuna wani wuyan riga a allon da sanda, ya ce, "Malam Sani, irin wannan nake so, kafin Juma'a."

Na ce, "Alhaji, zaren nan ba farko ba ƙarshe. Allura ba ta bi."

Ya ce, "Inji ya yi, kai mai shekara ashirin a kan keke ka kasa?"

Ga ni a shago yanzu. Na karɓi aikin, sau uku ina warware ɗinkin shaddarsa. Bayana kamar zai tsinke, wallahi.