Hannun da Bai Tsaya Ba

Shekara goma sha biyu Mai Kitso tana yi mini kai, ban taɓa ganin ta saki gashi a tsakiyar layi ba. Ko gobara ta tashi a maƙwabta, sai ta kai ƙarshe. Shagonta ɗaki ɗaya ne: kujera 'yar tsugunne, madubi mai tsaga, gwangwanin man kai. Takan ce mace ta fi sakin baki idan ta juya maka baya, shi ya sa asirin rabin unguwa yake cikinta.

Wata Asabar ta zaunar da autarta, 'yar shekara tara, tsakanin gwiwoyinta. Ana layi na uku yarinyar ta ce, "Umma, in za ki sayo zare, kar ki bar ni da Kawu." Sannan ta fara faɗin abin da yake yi mata.

Kawun nan ƙanin Mai Kitso ne, ita ta goye shi tun yana jariri. Ta gaya mini daga baya cewa da gangan ba ta bar yatsunta sun tsaya ba. Ta san tana juyo da fuskar yarinyar, maganar ta mutu. Sai da ta ji komai ta ɗaure ƙarshen kitson, ta ce, "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne."

A ranar ta kai ta asibiti, washegari ta kai ƙara. Tsohuwarsu ta zo da kuka: "Ɗan'uwanki za ki tona wa asiri? Wa zai auri yarinyar?" Mijinta ya ce a sasanta a cikin gida.

"A cikin gidan aka yi ai," in ji ta.

Dangi suka ɗauke ƙafa. Matan da ta rufa wa asiri shekara da shekaru suka koma kitso wani shago. Har yau ina jin haushinsu. Ta yi kukan ƙanin nata, na gani da idona, amma ba ta janye ƙarar ba.

Autar ta girma yanzu. Rannan na tarar ita ke yi wa uwar kitson furfura.

"Umma," ta ce, "ranar nan hannunki nake saurare. Da ya tsaya, da na ce wasa nake."

Mai Kitso, da ta juya mata baya, ta ce, "Rawa yake yi fa."

"Na sani. Kitson duk ya karkace. Sati uku na hana a tsefe shi."