Tsiron Wuyan Kare

Shekarar da Turawa suka kwashi mijina aikin hanyar Rogo, ya bar ni a Kurugu da goyo da karensa na farauta. Na ga wani abu yana reto a wuyan karen, na zaci kaska ce. Da na ja, sai jini, ashe tsiron nama ne. 'Yata tana rarrafe, kullum shi take cafka. Idan ta ɗauka fa?

Na aika wanzami ya zo ya yanke. Ya ce, "Da askar da nake taɓa kan liman?"

Surukata ce ta ɗaure tsiron da gashin wutsiyar doki. "Ke, zauna mana, ba a ɗauka."

Ya bushe ya faɗi. Ni dai har yaye, kowane wanka sai na laluba wuyan 'yata.