Alu da Tafkunan Tarwada

A Rurum Sabon Gari, in famfo ya ƙi kawo ruwa Alu ake kira. In akuya ta kumbura, shi ne dai. Yana gini, yana kwance injin ban ruwa, tsofaffi kuma shi suke kai wa takardar asibiti ya karanta musu. Ya yi sakandare a Rano, ya leƙa kwalejin noma shekara ɗaya, ya bi magina, ya bi makanikai. Babu abin da ya zauna a kai har ya samu takardar shaida, kuma hakan bai taɓa damunsa ba sai da Tajuddeen ya dawo gida.

Tajuddeen ɗan kawunsa ne, wanda ya yi shekara bakwai a jami'a yana karatun kifi, kifi kawai. Da ƙungiyar manoman garin ta yanke shawarar gina tafkunan tarwada, sai ta damƙa masa aikin. A taron da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, Alu ya ɗaga hannu zai yi magana kan filin da aka zaɓa.

"Yaya Alu, dakata," in ji Tajuddeen yana murmushi. "Wannan ba gyaran famfo ba ne. Ka ɗanɗana komai, ba ka ƙoshi da komai ba. Bari waɗanda suka karanta su yi magana. In an zo ɗora bulo za mu neme ka."

Aka bushe da dariya, har da mutanen da Alu ya kwana biyu yana yi wa hidima. Alu ya sauke hannunsa.

Abin da ya so faɗa gajere ne. Filin tsohuwar hanyar ruwa ce. In aka haƙa kamu biyu, yashi ne zalla, kuma duk daminar da ta yi ƙarfi ruwan da ke gangarowa daga duwatsu nan yake bi. Tajuddeen ya auna ruwan rijiya ya ga ya dace da kifi, amma bai tambayi kowa ina ruwan sama yake zuwa ba.

Da aka nemi magina, Alu ne ya fara zuwa. Ya bi zanen daidai, bai ƙara taku ɗaya a zurfin harsashi ba. Matarsa Khadijatu, wadda ta san abin da ke ransa, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah ka faɗa wa Tajuddeen."

"Na buɗe baki a gaban jama'a, an ce in rufe. Na rufe."

Tajuddeen dai ya san aikinsa. Tarwada ta yi ƙiba har 'yan kasuwa suna zuwa daga Kibiya. Da wata cuta ta shiga tafki ɗaya, cikin kwana uku ya kashe ta, abin da Alu ya san ko shekara za a ba shi ba zai iya ba. Wannan ma ƙara masa ɗaci ya yi.

A damina ta biyu, wata Laraba, aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Bangon tafkin gabas ne ya fara zubewa, sauran suka biyo baya. Kifi ya watsu har kan hanya, mata suna tsinta da kwanuka. Alu ya tsaya a kan tudu riƙe da lema, yana kallo, zuciyarsa sanyi ƙalau.

Tajuddeen ya hauro, taɓo har gwiwa. "Yaya, ka san haka za ta faru?"

"Ni? Ai ban karanta ba."

Amma ruwan bai tsaya nan ba. Ya shafe gonar gyaɗar wata tsohuwa mai suna Uwa, ya kwantar da katangar gidanta. Alu ya je ya tayar mata da katangar ba tare da an roƙe shi ba. Da ta ji cewa ya sani ya yi shiru, sai ta daina amsa gaisuwarsa.

Tajuddeen ya koma wata gonar kifi a hanyar Zariya, ko da salla ba ya zuwa. Sau uku ƙungiya tana aiko dattawa don Alu ya nuna musu wurin da ya dace a sake gini. Yakan shimfiɗa musu tabarma, ya sa a kawo musu fura, ya ce har yanzu yana tunani.