Matuƙin Sojan Ruwa a Kasuwar Shanu

Daga rumfar shayinta a kasuwar shanu ta garin Cloncurry, Noeleen tana kallon wani baƙo. Wa ke goge takalmi ya shigo cikin kashin shanu? Rigarsa ta sha guga, ga takardu a hammata. Ko fankar rumfa zai wuce sai ya sunkuya, kamar mai shiga ƙarƙashin farfelar jirgi.

Aikin tuƙin jirgi yake nema wurin tsoho Clarrie, wanda ake kora masa garke da jirgi mai saukar ungulu.

"Ranka ya daɗe, shekarata goma sha takwas a sojan ruwa. Teku na hauka nake sauke irin jirgin nan a kan jirgin yaƙi."

"Madalla, yaro. Ka taɓa juyo da bijimin da ya tubure?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To fara da gyaran shinge. Shekara biyu, ka san halin saniya tukuna."

Baƙon ya ƙame, ya yi godiya. Noeleen ta dubi furfurar wannan yaro, tana tunanin baki nawa ke jiran amsar a gida. Ga shi can yana tafiya, yana kauce wa kashin shanu a hankali.

Ta ce, "Kauce da kyau, bawan Allah. Yau ce ta ƙarshe, daga gobe a cikinsa za ka wuni."