Mujiyar Baba

Gwagwalada, 5:40 na asuba

Na fito bayan sallah da kwabon Baba ƙulle a hankici. Shekara shida ke nan da Baba ya makance, kuma kullum kwabon nan na hannunsa yana murzawa. Baƙi ne wuluk, gefe ɗaya kan mace, ɗaya gefen mujiya mai manyan idanu. Wani Bagirike da Baba ya yi wa kuku a Kano ne ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu, ya ce masa ya kai kuɗin bijimi. Tun muna yara dangi ke yi wa Baba dariya, wai an sallame shi da tsuntsun mayu. Ni kuwa so nake in ji daga bakin masani ko an cuci tsohon nan, tun yana da rai. An yi mini kwatancen wani tsohon malamin tarihi a Mpape, Oga Bitrus, mai tara tsofaffin kuɗi.

Bas zuwa Zuba naira dubu ɗaya. Mun tsaya minti goma a shingen Giri, a Zuba na canza mota.

Dei-Dei, 7:30

Nan na sauka in karya da koko da ƙosai, kuma nan na yi wautar da ba zan yafe wa kaina ba. Na kwance hankicin ina dubawa, sai wani dillalin shanu da ke gefena ya leƙo.

"Malam, wannan dattin za ka kai wa manya? Ko akuya sai an wanke ta kafin a kai ta kasuwa."

Kunya ta kama ni. Na tsallaka wurin wani mai walda, ya tsoma shi a ruwan batir, ya kara shi a injin goge ƙarfe. Minti uku, ɗari biyar. Ya fito fari tas yana ƙyalli, har na ƙara masa ɗari biyu don jin daɗi.

Mpape, 10:15

Tasi ta ajiye ni a mahaɗa, ɗan acaɓa ya hau da ni tudun nan, manyan motocin dutse suna ta matse mu gefe. Oga Bitrus ya ba ni kujera da ruwa, ya ɗora kwabon a ƙaramin sikeli, ya kafa masa gilashin ƙara girma.

"Original ne. Azurfa, kuɗin Atina na ƙasar Girka. Ya fi shekara dubu biyu." Sai ya cire tabarau. "Amma wa ya wanke shi?"

Na ce ni ne, ɗazu.

"Ɗazu? Kai, my brother! Wannan baƙin shi ne shaida. Duba, ido na mujiya ya tafi, rubutu ya tafi. Da ka kawo shi jiya, zai sayi bijimi har da canji. Yanzu sai dai kuɗi na azurfa."

Shekara hamsin Baba bai taɓa kai shi kusa da sabulu ba. Ni mai takardar digiri na gama da shi kafin kokona ya huce. Oga Bitrus ya ƙi karɓar ko sisi, ya rako ni har bakin hanya yana girgiza kai.

Gwagwalada, 4:20 na yamma

Cunkoson Zuba ya cinye mini awa biyu, ban ma damu ba, don ba na ɗokin isowa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Oga Bitrus. Dillalin shanu kuwa ba na riƙe shi, ni na tsallaka titi da ƙafata.

Na tarar da Baba a tabarma a ƙofar ɗaki.

"Me ya ce?"

"Baba, gaskiyarka ce. Ya kai bijimi."

Ya yi dariya har da tari. "A kira mini su Kawunka Sale, su zo su ji. Ba ni abina."

Na sa masa a tafin hannu. Ya murza da babban yatsa, ya juya, ya sake murzawa.

"Habu, wannan ba nawa ba ne. Ina mujiyata?"