Tunkiya Mai Lamba Sha Huɗu

Shekara goma sha tara ta yi tana kula da tumakin gwaji a wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi, har sunanta ya ɓace kowa ya koma kiranta Uwar Garke. Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan gaisuwa. Mijinta tela ne, kullum ƙorafinsa ɗaya: "Matan mutane na ƙamshin turare, tawa warin maganin wanke ɗaki."

"Ka gode da ba warin tunkiya ba ne," in ji ta.

Cutar da ake bincike a kai muguwa ce. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali, tunkiya ta yi ta goga jiki da gini har gashi ya zube, ta rame, ta mutu. Ba ta da magani, ko tafasa ma ba ta kashe abin da ke kawo ta. Don a san yadda take tafiya a jiki, sai a ɗura wa 'yan tumaki ɗan ƙwaƙwalwar wadda ta kamu, a zauna jira, wani lokaci shekara biyu. Rumfa biyu ce, ɗaya ta waɗanda aka ɗura wa, ɗaya ta lafiyayyu da ake kwatantawa da su. Uwar Garke kaɗai ke shiga duka biyun. Da lafiyayyu take farawa, kuma kowace rumfa da rigarta da takalminta da shebur ɗinta.

A wata na ashirin, tunkiya mai lamba sha huɗu, daga cikin lafiyayyun, ta fara goga gindi da turke. Sabon likitan da aka damƙa wa gwajin ya gani, fuskarsa ta canza.

"Inna, cutar ta tsallako. Kuma kin san mutum nawa ke shiga nan da can."

Ta gane maganar. In haka ne, aikin wata ashirin ya tashi a banza, ita kuma sallama ce, da tambarin ƙazanta a kanta.

"Likita, masu cutar nawa ka taɓa gani tun daga farkonta?"

"Na karanta..."

"Ni sittin da ɗoriya na raka. Zo nan."

Ta buga bokitin dusa da ƙarfi. Sha Huɗu ce ta fara rugowa, tana ture 'yan uwanta.

"Mai cutar nan kafin ta fara susa sai ta ware kanta. Ka buga ƙofa ta zabura kamar an harbe ta. Tafiyarta ma canzawa take. Wannan kuwa ɓarauniyar dusa ce, jiya da yau."

Ta cafke ta, ta kayar, ta buɗa gashin cikinta. Ga ƙuma nan baƙi-baƙi suna tsalle.

"Daga ina?" ya tambaya.

"Daga ciyawar shimfiɗa. Wata biyu da suka wuce wa ya sauya mai kawo mana, ya ce wancan nesa yake?"

Likita ya sosa ƙeya. Ta ce, "Kai ma ka kamu ke nan?" Dariya ta kusa ƙwace masa, amma ya dake.

"Ganin ƙuma bai wanke ta ba, Inna. Tana iya ɗauke da biyun."

"Yanzu ka yi maganar likita. Ka yanki abin da za ka yanka ka auna. Ni zan kwashe ciyawar in yi musu wanka."

Ya ɗebi ɗan nama daga cikin fatar idon tunkiyar ya aika ɗakin awo. Mako uku ana jira. Ma'aikata suka riƙa rage murya in ta wuce. Ita kuwa ko abincinta bai ragu ba. Mijinta ya ce ko ya fara koya mata ɗinki, ta ce ya fara koyon sa maɓalli daidai tukuna.

Susa ta tsaya a kwana na tara. Sakamako ya fito, babu cuta. Likita ya same ta tana wanke kwanon ruwa, ya fara jero ban haƙuri. Ta katse shi.

"Ajiye wannan. Daga yau ciyawa ba ta shiga rumfa sai na duba. Ka rubuta, ka sa hannu."

Ya rubuta. Ranar Litinin mota ta kawo ciyawa. Ta zura hannu har gwiwa cikin dami uku, ta zaro, ta duba fatar hannunta, ta ga ƙuma, ta ce wa direba ya juya da kayansa.