Shokozoban da ya kai ni Faru

Ko gama kafe mashin ban yi ba na hango ta a gindin dogonyaro. Irin motar Babanmu ce sak, har launi.

Tun bayan salla nake neman wa motar Babanmu shokozoba. Motar ta girme ni, masu kayan gyara a Mafara dariya suke mini, na Bakura suka ce an daina kawowa. Wani bakanike ne ya ce in je Faru, akwai mai irinta a ajiye.

Ga mutane zaune kan tabarmi a ƙofar gidan. Don zumuɗi na yi sallama a tsaitsaye, na wuce na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin motar. Na taso ina kakkaɓe gwiwa na ce, "Ina mai wagga mota? Ku ce mishi ya fito, yau kakarsa ta yanke saƙa!"

Wani dattijo ya ɗago ya ce, "Ɗana, jiya muka rufe shi. Ni na haife shi."

Sai lokacin na lura da carbi a hannun kowa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya matsa mini gefen tabarma. "Zauna ka yi mishi addu'a. Mota kuwa ta marayu ce yanzu, ko noti ba a kwancewa sai an raba gado."

Da na zauna na gaisa yadda aka koya mini a gida, da duk haka ba ta faru ba. Ku gaya mini, in an raba gadon, da wane ido zan koma?